Shin rediyon masu lasisi zai iya kai saƙon gaggawa daga arewacin Tanut zuwa Damagaram?

Ɗan Damargu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana game da 'yan'uwanmu makiyaya da ke arewacin Tanut, inda rezon talho ba ya samuwa sai mutum ya hau babur ya je neman tudu. Idan naƙuda ta yi gardama, ko wutar daji ta kama ciyawa bayan damina, labari kan iso a makare. Shin rediyon da masu sha'awar harkar ke magana da juna da shi zai iya haɗa su da Damagaram, ko kuwa oba-oban kasuwa ya wadatar?

Mai Gyaran Rediyo, Birni:
Wa'alaikumus salam. Malam, oba-oba ba zai yi wannan aiki ba, domin a zangon VHF ko UHF yake, wanda ke tafiya a miƙe, kuma tudun rairayi ɗaya kan iya tare shi, alhali tsakanin Tanut da Damagaram akwai kimanin kilomita 140. Gajeren zango ne ya dace: mita 40 da rana, mita 80 da dare. Dabarar kuwa tana ga eriya. Don mita 40, ana samun waya mai tsawon kimanin mita 20, a raba ta biyu a tsakiya, a miƙe ta a kwance tsakanin sanduna masu tsayin mita 4 ko 5 kacal. Saboda tana kusa da ƙasa, sai ta cilla saƙon sama, sararin samaniya ya maido shi cikin da'irar ɗaruruwan kilomita, ba ruwansa da tudu ko kwari. Batir mai bolt 12 da panon hasken rana ɗaya za su riƙe na'urar, amma a riƙa lulluɓe ta da ƙyalle lokacin hunturu, domin ƙura ce babbar abokiyar gabarta.

Dattijon Sabon Gari:
Ɗana, kafin a sayi komai a fara neman izinin hukumar ARCEP, wadda ke kula da zangunan sadarwa a Nijar. Lambar kiran mai lasisi, wato wadda yake bayyana kansa da ita a rediyo, a ƙasarmu da 5U take farawa. A wannan hali na tsaro, wanda jandarmomi suka tsayar a shinge da na'urar aika saƙo babu takarda, shi ya jawo wa kansa. A sani kuma ba a yarda da ɓoye magana ko harkar kasuwanci a wannan zango ba, kowa na iya saurare.

Ungozoma daga Gure:
Malamai sun gama da na'ura, ni kuma tambayata ita ce: wa zai amsa? Idan an kira da tsakar dare babu kowa a bakin rediyo, ba a yi komai ba. Sai an ware mutum a Tanut wanda ke da lambar likita da ta direban ambilans, a kuma tsayar da lokacin gwaji kullum, misali bayan sallar asuba da bayan magariba. Mai kira ya fara da sunan rijiyar da suke kusa da ita, sannan halin mara lafiya, domin direba da rijiya yake gane hanya. Sunan majinyaciya kuwa a bar shi sai an haɗu, tunda Baba ya ce kowa na ji.