Kamu nawa ne a mita ɗaya? Tambaya kan kamu, taƙi da gaba

Ɗan Kasuwar Garwa:
Assalamu alaikum. Masaƙa da masu tukar igiya na ƙauye da kamu da gaba suke sayarwa, masu saye a cikin gari kuwa mita ko yadi suke tambaya. Yaya ake mayar da wannan zuwa wancan ba tare da an cuci kowa ba? Kuma da gaske ne taƙi biyu kamu ɗaya ne?

Malam na Kuseri:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A lissafin littattafan fiƙihu, yatsu huɗu a jere su ne damƙa ɗaya, damƙa shida zira'i ɗaya, wato yatsu 24. Zira'i shi ne kamunmu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Shibri biyu zira'i ɗaya, zira'i huɗu kuwa gaba guda, wato daga kan yatsan hannun dama zuwa na hagu in an ware hannuwa biyu.

Sai dai a kula da wane yatsa ake nufi. Shibrin Larabawa, wanda 'yan'uwanmu Shuwa ke ce wa shibir, daga babban yatsa ne zuwa ƙaramin yatsa, hannu a ware, kusan santimita 22 zuwa 23. Mu kuwa wani ya ce taƙi, wani ya ce ɗani, wani ya tsaya a yatsan tsakiya, wani a manuniya. Wanda ya tsaya a manuniya bai cika wuce santimita 18 ba, biyunsa 36 ke nan, ya gaza kamu da kusan santimita 10. Kafin ciniki ka ce mai kaya ya ware hannunsa ka gani da idonka.

Tela daga Marwa:
Malam ya yi bayani. Ni ta wajen tef zan ƙara. Kamun babban mutum yakan faɗa tsakanin santimita 44 da 50. Idan ka ɗauki 46, mita ɗaya kamu biyu ne da yatsu huɗu. Yadi santimita 91.44 ne, kusan kamu biyu cif, shi ya sa turmin atamfa mai yadi 6 yake zuwa kamu 12, wato mita biyar da rabi saura kaɗan.

Inda asara take shiga shi ne yawa. Saƙi kamu 40 a hannu mai santimita 46 mita 18.4 ne, a hannu mai 50 kuwa mita 20. Bambancin mita ɗaya da santimita 60 ya isa rigar yaro. Sannan akwai zamewar yatsa: mai awo yana matse ƙyalle a kan yatsa, ya mayar da wurin zuwa gwiwar hannu, kowane juyi sai faɗin yatsa ɗaya ya salwanta. Santimita 2 sau 40, an rasa 80, kuma ba lallai da gangan ba.

Maganin mai sauƙi ne. A ɗora hannun masaƙin a kan tebur, gwiwa ta jingina da bango, a sa alama a kan yatsan tsakiya, a auna da tef. A yanka sanda daidai wannan tsawon, a rubuta santimitarsa a jikinta, da ita za a riƙa awo kullum a ƙasa, ƙyalle a shimfiɗe ba a ja shi ba. Saƙin auduga yana tsukewa a wankin farko, don haka a jiƙa kamu ɗaya a shanya a sake aunawa kafin a yi wa mai saye alkawarin tsawo.

Tef ɗin ma a duba shi. Akwai na Sin da gefensa ɗaya ba inci ba ne, awonsu ne mai santimita 3.3. Lamba 10 ta inci na gaske tana daidai da santimita 25.4. In ta kai 33, a yi aiki da gefen santimita kawai.

Mai Igiya, Njamena:
Batun gaba, Alhaji, kada ka ninka kamu sau huɗu ka ce ka gama. Gaban mutum kusan tsayinsa ne, ko ya ɗara kaɗan. Mai tsayin mita 1.75 gabansa wajen 1.80, kamunsa wajen 47, huɗunsa 1.88. A igiyar gaba 15 ka samu mita 27, alhali kamu 60 ya ba da mita 28.2. A rijiya wannan ratar ita ce guga ya tsaya yana lilo bai taɓa ruwa ba.

Kuma mai auna igiya ba ya miƙe yatsu, riƙe ta yake yi a dunƙule, kowane gaba ya ragu da kusan tsawon yatsun hannu biyu. Ka lissafa gaban igiya a mita ɗaya da santimita 60 ka fi samun kwanciyar hankali. Ka ƙara gaba biyu a kan zurfin rijiyar saboda ƙullin guga da abin riƙewa, in da rani ne ka ƙara na uku, ruwa yana sauka.

Ɗan Kasuwar Garwa:
Allah ya saka da alheri. Malam Tela, sanda ɗaya za ta yi wa duk masaƙan, ko kowa da tasa?

Tela daga Marwa:
Ɗaya ta isa, in sun yarda da ita a gaban juna. Ka yi ta santimita 50, biyunta mita ɗaya, ka daidaita farashin kamu da ƙarin da aka samu a tsawon.