Gwajin Moodle yana ƙarewa idan sabis ya ɗauke

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a Birnin Kebbi, rabin kwas a aji, rabi a Moodle, dandalin koyarwa ta intanet. Ɗalibaina na Yawuri da Zuru suna cikin gwajin mako sai sabis ya ɗauke, agogo kuma bai tsaya ba. Kafin ya dawo lokaci ya ƙare, maki ya zube, alhali yaran sun yi karatu.

Na ƙara lokaci daga minti 20 zuwa 40, bai hana ba. Na so kunna yin gwaji ba intanet a manhajar Moodle ta waya, ta ƙi muddin akwai iyakar lokaci. Da na cire iyakar, amsoshi suka fara yawo a WhatsApp.

Yaya zan tsara gwajin da zai jure ɗaukewar sabis, kuma ya hana satar amsa?