Ana iya cire babban ƙari daga hanta da tiyatar mutum-mutumi?

Ummu Hafsat:
Assalamu alaikum. An gano ƙari mai faɗin santimita 11 a ɓangaren dama na hantar mahaifinmu, wanda ya daɗe yana fama da ciwon hanta nau'in B. An ce mana akwai asibitoci a Indiya da Saudiyya da ke yin wannan aiki da mutum-mutumi ta 'yan ƙananan huda, ba tare da an farke ciki ba. Shin hakan zai yiwu ga ƙari mai wannan girma?

Abu Sadiƙ:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Na'urar ba ta aiki da kanta. Likita ne ke zaune gaban allo yana sarrafa hannuwanta, waɗanda ke lanƙwasawa kamar wuyan hannu. Wadda aka fi sani, da Vinci, ta samu izini a Amurka a shekarar 2000, kuma a 2003 likitan Italiya Pier Cristoforo Giulianotti ya wallafa rahoton yankan hanta da ita. A yau ana cire rabin hanta sukutum ta wannan hanya.

Sai dai abin dubawa kafin girman ƙarin shi ne hantar da za ta rage. Mai lafiyayyar hanta yana buƙatar a bar masa kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100, wanda kuwa tasa ta yi tabo ta taurare, kamar yadda nau'in B kan jawo, sai an bar masa wajen kashi 40. Idan ragowar ta yi kaɗan, akan toshe jijiyar da ke kai jini ɓangaren da ke da ƙarin, a jira 'yan makonni ɗaya ɓangaren ya girma. Ƙarin da ya manne da manyan jijiyoyin jini kuwa, sau da yawa buɗe ciki ya fi aminci.

Maman Ilham:
Na yi aikin jinya a ɗakin tiyata. Akan samu ƙarancin zubar jini, majinyaci kuma yakan tashi da wuri, amma dole a ɗan tsaga ciki, galibi ta ƙasan mara, domin fito da abin da aka yanke, kuma idan jini ya ɓalle likita zai buɗe cikin nan take. Ku tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aiki da na'urar.

Ummu Hafsat:
Na gode ƙwarai. Gobe za mu aika musu hoton CT, wato hoton cikin jikinsa da aka ɗauka da na'ura, mu nemi su auna mana ragowar hantar kafin mu yi maganar tafiya.