Musayar waƙa: rawar masuntan Padhar

Ɗan Kabi:
Salamu alaikum. Jiya na kalli bidiyon rawar Padhar, masunta kuma matuƙa jirgi da ke zaune a gefen tafkin Nal Sarobar, jihar Gujarat a Indiya, kamar kilomita 60 daga Ahmadabad. Kowa na riƙe da manjira, wasu 'yan faifan tagulla masu amo kamar sambani. Ni ɗan Argungu, abin ya taɓa ni. Ga buɗi:

Padhar masunta, ku nake gaisarwa,
Na bakin Nal Sarobar, gwanayen tuƙawa,
Manjira na amo, gwiwa na lanƙwasawa,
Jiki ya zama jirgi, fili kuma ya zama ruwa.

Ɗan Kurmi:
Ɗan Kabi ya ga ruwa ya rikice,
A waya ya je Indiya yana kwance,
Su durƙusa, su zauna, su kishingiɗe, ka ce
Rawa ce? A Kano wannan gajiya ce.

Ɗan Kabi:
Ɗan Kurmi, kai da ba ka san tuƙi ba,
Ko rijiyar gidanku ba ka leƙa ba,
Mai jan filafili a zaune yake, ba a tsaye ba,
Baya da kafaɗa ke aiki, ba ƙafa ba.

Maman Biyu:
Allah ya ƙara basira, Ɗan Kabi! Ka gama da shi. Bakano ya koma rumfa ya ci gaba da awon yadi.

Malam Bazazzagi:
Ku dakata. Ɗangon ƙarshe na baitin buɗi ya fi 'yan'uwansa tsawo, ɗingishi yake. Sannan jera "ba" sau huɗu ba amsa-amo ba ne, maimaici ne.

Ɗan Kurmi:
Malam ya zo da ma'auni da sikeli,
Zai auna ruwan tafki da cokali,
Bazazzagi, ajiye mana alli,
Kawo baiti naka mu gani a fili.

Malam Bazazzagi:
Ba kare ka nake ba, yaro. Naka na farko ma ka tsinke magana a tsakiyar ɗango don ka samu "ce".

Maman Biyu:
Malam, da kunne ake auna waƙa. Na rera ta, ta zauna daram.

Malam Bazazzagi:
Hajiya, kunne yana da son kai. Ƙirga gaɓoɓin.

Ɗan Kurmi:
Har yanzu dai ba mu ga baitinsa ba.

'Yar Yawuri:
Kwana biyu ban leƙo ba, na tarar kun bar masunta a ruwa kuna ta ƙirga gaɓa. Mutanen nan suna cikin ƙabilu biyar na Gujarat da gwamnatin Indiya ta sa a jerin mafiya rauni. Tun 1969 tafkin ya zama mafakar tsuntsaye, a 2012 ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya. Yau da yawansu 'yan yawon buɗe ido suke ɗauka a jirgi, kuma idan ruwa ya ja baya sukan tono saiwoyi a laka don abinci.

Tsuntsu baƙo ya zo an ba shi kariya,
Kwasakwasa na kiwo lafiya lafiya,
Mai tafkin na tonon saiwa a laka da wuya,
Dare ya yi, ya ɗau manjira, ya manta wuya.

Ɗan Kabi:
Yaya, kin faɗi abin da na kasa faɗa. Lokacin da suka kwanta gaba ɗaya suka taso tare, igiyar ruwa na gani, irin wadda ke dukan gora a Matan Fada.

'Yar Yawuri, ɗiyar bakin Kwara,
Kin san zafin da ke bayan ƙara,
Wanda ya kwana da koma yana jira,
Shi ya san abin da manjira ke rera.

Malam Bazazzagi:
"Wuya" sau biyu a baiti ɗaya, 'Yar Yawuri. Amma ma'anar ta yi. To ga nawa, tunda an matsa:

Ruwa ya koya musu rawa,
Jirgi ya koya musu zama,
Bakano bai ga ko ɗaya ba.

Ɗan Kurmi:
Ɗango uku, amsa-amo uku! Jama'a ku zo ku ga mai sikeli.

Maman Biyu:
Ɗan Kabi, turo mana bidiyon nan mu gani da idonmu.