Tagwayen ƙanwata a manne ta kai aka haife su, ina za mu nufa?

Yayar Mai Jego: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 9 da aka yi wa ƙanwata tiyata aka ciro mata 'yan biyu mata, ƙeyarsu a manne. Tun cikin yana wata biyar nake cewa a kai ta sikanin, uwar mijin ta ce haihuwa goma ta yi a Ɗorayi ba wanda ya leƙa mata ciki, har muka yi wata ba ma gaisawa. Yanzu likita ya ce a jira kafin a raba su, mijin kuwa har ya sa filinsa a kasuwa. Jiya ina tsaye ana ba su madara, ɗaya ta motsa kai, ɗayar ta tsala kuka. Ban runtsa ba.

Baban Walid: Saudiyya, ba wata magana. Tun 1990 suke wannan aikin, a 2024 ma sun raba wasu 'yan biyun Kano a Riyad, ko kwabo iyayen ba su biya ba. Ku ɗauki bidiyo ku watsa yau ɗin nan.

Anti Nas: Malam, waɗancan ta ƙasan ciki suke haɗe, na kai daban ne. 'Yar uwa, an yi musu hoton ƙwaƙwalwa? Abin dubawa shi ne ko manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa na tarayya ne. Waɗanda aka raba a Rum a 2020, su ma ta ƙeya, sau uku aka shiga da su tiyata, suna dab da shekara biyu aka gama. Jiran nan ba sakaci ba ne.

Maman Ilham: Hmm, sikanin ɗin ma. Sau uku na yi aka ce namiji, ga Ilham nan. Kuɗina kawai suka ci.

Baban Walid: Ben Carson fa, likitan nan na Amurka? 1987, awa 22, shiga ɗaya ya gama raba wasu 'yan biyu masu manne da kai. Jira jira har filin ya tafi a kuɗin gado.

Anti Nas: Yaran da ya raba sun rayu, amma da mummunar naƙasar ƙwaƙwalwa.

Yayar Mai Jego: Bidiyo kam a'a, ba za a mayar da 'ya'yanmu abin kallo ba. Fili kuma nasa ne, ni ce zan hana shi? Kuma ni fa tun wata biyar na yi magana.

Anti Nas: To hoton dai, an yi?

Baban Walid: Na faɗa muku, Saudiyya.