Wace tuta zan kafa a wasan 'yancin kai?

Malamar firamare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗalibaina za su yi wasan kwaikwayo kan samun 'yancin kan Najeriya. Wasan ya fara daga 1957, lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista, ya ƙare a 1960. Na sayi tutarmu mai kore da fari, amma hankalina bai kwanta da in rataye ta tun farkon wasa ba. Masu sani, ku ba ni shawara don Allah.

Ɗan'uwa daga Zariya: Wa alaikumus salam. Malama, ki rataye abarki. Ita yara suka sani, wa zai lura?

Dattijon zaure: A'a ɗana, kada mu koya wa yara abin da bai faru ba. 'Yata, a 1957 ba a ma zana wannan tuta ba. Michael Taiwo Akinkunmi ya zana ta yana ɗalibi a Landan, aka zaɓe ta a 1959 bayan gasa. Zanensa na asali har da jar rana a tsakiyar farin, alƙalai suka cire ta. Ba a ɗaga ta ba sai tsakar daren da aka shiga 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas, bayan an sauke ta Birtaniya.

Kafin nan, tun haɗewar Arewa da Kudu a 1914, Najeriya na da tata ta mulkin mallaka: shuɗiya, da tutar Birtaniya a kusurwar sama, ga jan da'ira ɗauke da koren tauraro mai tsini shida da kambin sarauta a ciki. Ita za ki sa a kashin farko. Ki ɓoye mai koren har sai ƙarshe; idan yara suka ga an sauke wata an ɗaga wata, sun fahimci darasin ba sai kin yi dogon bayani ba.

Tela: Hajiya, shuɗiyar ba za ki same ta a kasuwa ba. Ki sayi yadi shuɗi mai duhu, ki kai wa telanki hoto, tauraron a yanka shi daban a ɗinka.

Malamar firamare: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To idan na ƙara kashin 1963, da muka zama jamhuriya fa?

Dattijon zaure: Nan babu canji, 'yata. Sarauniyar Ingila ce ta daina zama shugabar ƙasa, Nnamdi Azikiwe ya hau, amma tutar tana nan yadda take. Ki bar mai koren a sandarta.