Wai me za mu kira toksoplasma da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, malaman Hausa da ma'aikatan lafiya dan Allah ku matso kusa akwai kalmar da nake so mu tsayar mata da suna. Toksoplasma. Ƙwayar cuta ce da ido baya gani, kuma ƙiyasin da masana suka daɗe suna yi shine kusan mutum ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da ita a jikinsa. A Amurka kaɗai hukumarsu ta yaƙi da cututtuka CDC tace sun haura mutum miliyan 40, a wasu sassan Brazil ya wuce rabin jama'a, Faransa kuwa tun 1978 suke da tsarin yi wa mata gwajinta, daga 1992 ma mai cikin da bata taɓa kamuwa ba duk wata sai an ɗebi jininta an duba. Abu mai yawa haka ace bamu da sunan da ungozoma za ta faɗa wa mace a wajen awo ta gane nan take, wallahi abin yana damuna.

Mu fara da asalin sunan. A 1908 wasu masu bincike biyu Nicolle da Manceaux suka gano ta a Tunis a jikin wata dabba dangin ɓera da ake kira gundi, a shekarar kuma wani mai bincike Splendore ya gan ta a jikin zomo a Brazil. Tokso ɗin nan da Girkanci baka ne, irin na kwari da baka, saboda a lanƙwashe take in an duba ta a madubin likita. Toh kun ga masu jin tokso suna fassara shi da guba ba haka bane. Kuma in muka ce cuta mai siffar baka ba abin da muka yi, mutum zai ɗauka ciwon baki ake nufi.

Nasan abin da yawancinku za ku fara cewa shine cutar mage, tunda muna da murar tsuntsaye da zazzabin cizon sauro. Da gaskiyarku ta wani ɓangaren, don tun 1970 aka tabbatar a hanjin mage da danginta ne kaɗai ƙwayar take yin ƙwan da ke fita cikin kashi. Amma ni ban gamsu ba. Ita kanta magen sunanta ya rabu, wani yace kyanwa wani kuliya, 'yan uwanmu na Sakkwato da Nijar suce mussa, kuma in ka rubuta cutar kyanwa a waya inda ba kowa ke sa ƙugiya ba, da yawa ƙyanda za su karanta. Babbar damuwata ma ba wannan bace. Ranar da aka ce da mutanenmu cutar mage, ranar yara za su ɗau duwatsu da danƙo, alhali mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure, kuma ita magen nan yawanci sati ɗaya zuwa uku ne take zubar da ƙwan a rayuwarta, sannan sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya zama mai harbi, shafa bayanta ba shine hanyar ba.

Hanyar tana cikin abin da muke yi kullum. Tulin yashin gini a ƙofar gida, mage ta tona ta yi kashi ta binne, da yamma yara su zauna kansa suna gina ɗaki su tashi su sa hannu a kwano. Salak da karas da kabejin lambu da aka ɗan watsa wa ruwa sama sama. Rijiyar da ba murfi. Sai babbar, naman da bai gasu ba, balangun da ka yanka ka ga cikinsa ja yana ɗigar ruwa, ko uwargida ranar layya tana yankan naman rago da wuƙar da za ta yanka tumatir da ita ba wanki. Sunan da ya ɗora komai kan mage zai sa a kori mage a ci gaba da cin balangun.

Akwai kuma wani wuri da sai mun yi hattara da harshe. In muka ce ɗaya cikin uku sun kamu da cuta mun tayar wa mutane hankali, don mafi yawa basu ma san ta shige su ba, wasu ɗan zazzaɓi da kaluluwa a wuya shikenan, sai ta kwanta a tsoka da ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa garkuwar jiki ta danne ta. Waɗanda take wa illa sune mai cikin da ta fara kamuwa tana da cikin, tana iya yin ɓari ko a haifi jariri da ruwa a kai ko ido ya lalace, sai mai ƙanjamau da CD4 ɗinsa, wato awon ƙarfin garkuwar jiki, ya faɗi ƙasa da 100, ƙwayar ta farka ta taɓa ƙwaƙwalwa, yana daga cikin dalilan da ake basu maganin Septrin. Dole Hausarmu ta raba mai ɗauke da ƙwayar da mai ciwon.

Toh ga tawa shawarar. Mu ari tokso kawai yadda muka ari taifot da kwalara, gajere ne baki zai ɗauka. Ƙwayar tokso ga ita halittar, ciwon tokso ga wanda ta kwantar. In za a yi bayani a rediyo ko wajen awo sai a biyo da cutar ɗanyen nama da kashin mage, kuma da gangan na sa naman a gaba.

Saura ku makiyaya da likitocin dabbobi, ƙwayar nan tana sa tumaki da awaki ɓari sosai, in akwai sunan da kuke kiran irin wannan ɓarin a ruga ko a kara dan Allah ku ajiye mana shi anan tare da garin da ake faɗarsa, in ya dace ni a shirye nake in bar tokso in bi naku.